Kwana Biyun da Suka Rage a Bakin Tilakdhari

Ranar farko ta karatun da aka yi wa mijina, a bayan katanga na zauna. Surukata ce ta yanke haka. Ta ce ƙafata ce ta shigo da mutuwa gidanta, ba za ta bari in taka da ita har gaban Ubangiji ba. Maciji ne ya sari mijina a gonar rake, ba mu daɗe da aure ba, kuma a ƙauyenmu na Dumri duk wanda ya tafi ta irin wannan hanya ransa ba ya samun masauki sai an zauna an ba da labarin Ubangiji dominsa, kwana bakwai, daga fari har ƙarshe ba tsallake. Wan mijina Jagdev ne ya ɗauki nauyin zaman. Aka share farfajiyar haikali, aka kafa rumfa da itacen ayaba, aka ɗora karagar mai karatu a kan dakali. Ni kuwa na sami wuri a waje kusa da magudanar ruwa, inda magina suka bar 'yan ramuka a katangar don shan iska, na ja farin zanena na takaba na rufe kai.

Daga nan muryar mai karatu ba ta iso ni sai kamar kukan ƙudan zuma a nesa. Ina ta manna kunne a jikin bulo, sai na ji an yi shiru, sannan na ji ya ce, "Jagdev, ku juya mini karagar nan. Rana tana shiga idona." Ranar hadari ne ya rufe sama tun da sassafe, ga kuma rumfa a kansa. Babu wanda ya yi masa musu. Suka ɗaga shi da karagar suka juya, yana cewa ƙara kaɗan, ƙara kaɗan, har fuskarsa ta daidaita da ramukan da nake. Daga nan kowace kalma ta riƙa faɗowa a cinyata. Da yamma da aka watse, ya bi ta bayan haikalin, hanyar da ba ta gidansa ba, ya ajiye guntun mazarƙwaila na hadaya a kan ganye kusa da dutsen da nake zaune. Bai dube ni ba. Katangar ya duba, ya ce, "Gobe ma da hantsi ne," ya wuce.

Sunansa Tilakdhari, mu na ƙasa da shi muna ce masa Baba. Ba daga gidajen malamai na Brahmin ya fito ba, waɗanda karaga gadonsu ce. Ubansa mai amalanke ne, shi ma da amalanken ya ci abinci: rake lokacin sara, bulo da yashi sauran shekara. Gajere ne mai kaurin wuya, tafin hannunsa duk tsagar igiya. Ba mutum ne mai daɗin zama ba, gaskiya. Yana da rowar gaisuwa. Yana iya tsayar da amalanke a tsakiyar hanya ya sauke wa mutum kayansa saboda wata 'yar magana, kuma zagin da yake yi wa shanunsa ba zan iya rubuta shi ba. Karatun ya same shi ne ta hannun Pandit Ambika, tsohon mai karatun yankinmu, wanda Tilakdhari ya yi ta kaiwa ƙauye-ƙauye tun yana saurayi. Idan ya kai shi, sai ya kwance shanu ya zauna a gindin karaga yana jira. Haka labarin ya cika shi, kamar tulun da aka manta a ƙarƙashin indararo. Pandit ɗin 'ya'ya mata kaɗai ya haifa. Da idonsa ya mutu, Tilakdhari ne ya riƙa riƙe masa littafi, daga baya ya riƙa ɗaukar masa wuraren da numfashi ya gaza, kuma shekarar da zai rasu ya kama hannunsa a gaban jama'a ya ɗora shi a kan karagar.

An yi gunaguni. Pandit ya ce masu gunaguni su je su yi da littafin, don mai ba da labarin da ke cikinsa shi ma ɗan mai tuƙa keken doki ne.

Ni karatuna bai wuce aji uku ba, amma wannan na riƙe shi da kyau. Littafin ba ya farawa da Ubangiji. Yana farawa da wasu tsofaffin masu ibada da suka taru a daji, sai ga matafiyi ya iso da ƙura a ƙafarsa. Suka ba shi ruwa, suka zaunar da shi sama da su, suka tambaye shi abin da ya ji. Duk abin da ya biyo baya amsa ce. Mutumin bai ga komai da idonsa ba, bai kuma taɓa cewa ya gani ba. Cewa yake yi, wane ya ji daga wane, ni kuma daga bakinsa na ji. Idan ya tsaya, sai sun sake tambaya kafin ya ci gaba.

Baba ya ɗauki wannan a matsayin dokar sana'arsa. Kowace safiya sai ya hau ya zauna, littafi a naɗe cikin jan ƙyalle, bakinsa a rufe, har wanda ya ɗauki nauyin zaman ya haɗa tafuka ya ce, "Baba, jiya ka tsaya a wuri kaza. Sai me ya faru?" Sannan ya kwance ƙyallen ya ce, "Na ji daga Pandit Ambika, shi ya ji daga kawunsa na birnin Kashi, kawun ya ji daga wanda sunansa bai iso ni ba." Safiya ta uku Jagdev ya makara wajen tatsar ɓauna. Farfajiya cike da mutane, Baba ya zauna yana kallon kurciyoyi a kan rufin haikali har Jagdev ya iso yana haki.

Akwai doka ta biyu: wanda ke kan karaga ba ya tashi wa kowa. Baba yakan ce ba girmansa ba ne, girman abin da ke bakinsa ne, in ya sauko da yamma kuwa ya koma mai amalanke. Kowane yaro a Dumri ya san abin da ya sami mai ba da labari na farko saboda wannan doka. Wata rana wan Ubangiji da kansa, wanda suka taso tare lokacin da Ubangiji ya sauko duniya, ya shigo dajin nan ana tsakiyar labari. Tsofaffin duk suka miƙe, shi kaɗai ya zauna. Baƙon ya fusata, ya zari tsinken ciyawar tsarki guda ya taɓa shi da shi, nan take ya faɗi matacce. Tsofaffin suka ce, mu muka ɗora shi, mu muka ce kada ya tashi, yanzu wa zai ƙarasa mana? Sai aka ɗora ɗansa ya ƙarasa. Idan Baba ya zo wannan wuri ba ya yin sharhi. Sai ya kurɓi ruwa ya wuce.

Rana ta biyar, da rana ta ɗan karkata, na ji tsayuwar mota a ƙofar haikali. Thakur Harnandan Singh ne, wanda rabin gonakin Dumri nasa ne, har da wadda Jagdev yake nomawa a raba amfani. Ya zo da baƙi daga birni, dangin wanda zai auri 'yarsa, yana zagayawa da su yana nuna musu ƙauyensa. Ta ramin katanga na ga mutane sun miƙe kamar da bulala ɗaya aka tsula musu, tsofaffi suna dafa gwiwa, mata suna jan mayafi. Baba yana tsakiyar magana, ya ci gaba da ita. Ya ga wanda ya shigo, wannan na tabbata. Fuskarsa tana kallona, na ga zufa ta feso masa a saman leɓe. Amma bai tashi ba.

Ɗaya daga cikin baƙin ya yi dariya ya ce, "Thakur sahib, pandit ɗin nan naku da nauyin jiki yake."

"Ba pandit ba ne," in ji Thakur. "Mai kai mini rake ne." Sannan ya ce, "Tilak, ƙafafun ne suka mutu?"

Baba ya dakata. Ya ce, "Malik," wato maigida, "da yamma zan zo in taɓa ƙafarka in gaishe ka. Yanzu ba ni ne a nan ba."

"To wa ke nan? Ni dai warin shanu nake ji."

Wasu suka yi dariya, irin wadda ake yi don a ga an yi. Thakur bai ɗaga murya ba. Mutum ne mai ibada, ya cire takalmansa a ƙofa kamar kowa, ya taka har gaban dakali, ya sunkuya ya gaida littafin. Da zai miƙe sai ya zari tsinke ɗaya daga damin ciyawar tsarki da ke kan tiren hadaya, ya jefa wa Baba a ƙirji. Tsinken ya maƙale a rigarsa. Thakur ya juya ya fita da baƙinsa. Su baƙin ban san ko sun gane ba. Mu mun gane.

Baba ya ƙarasa rabon ranar, mutane suna zamewa da ɗai-ɗai ta ƙaramar ƙofa. Da ya rufe littafi babu kowa a gabansa sai wata tsohuwa kurma da take gyangyaɗi. Da yamma ya je gidan Thakur kamar yadda ya yi alkawari. Mai gadi ya shiga ya fito ya ce, "Malik ya ce ba ya ganawa da matattu."

Washegari Jagdev ya sa sakata a ƙofar gidanmu ya ce ba mai fita. Daga baya ne na ji a bakin rijiya cewa Baba ya yi wanka ya je ya hau karaga ya zauna da littafi a naɗe, tun hantsi har rana ta faɗi, yana jiran mai tambaya. Haka ya yi rana ta bakwai ma. Awaki suka shigo suka cinye ganyen ayabar rumfar yana kallo.

Matar ƙane ba ta yi wa wan mijinta magana fuska da fuska. Don haka na tsaya a bayan ƙyaure na ce wa ƙyauren, "A tuna wa mai gida saura kwana biyu."

Jagdev yana cin abinci. Ya ce wa kwanon gabansa, "A tuna wa mai farin zane gurasar da take ci a gonar wa alkamarta ta tsiro. Wanda ya mutu ba ya jin yunwa. Mu muna ji."

Bayan mako ya ɗauko wani pandit daga kasuwar gari, ya ƙona turare, ya yi karatu mai sauri kamar ana korarsa, kafin tsakar rana ya ce an gama, ran ya tafi. Ya ja ɗan maraƙin da aka ba shi ladan aiki ya koma. Surukata ta yarda. Ni zuciyata ta ƙi. An tsayar wa mijina labari a tsakiya, kuma duk shekara idan rake ya yi tsawo iska tana ratsa shi, sai in ji kamar yana tsaye a kan iyakar gona yana jiran a gaya masa sauran. A sanina tambaya ta wanda ya ɗauki nauyin zama ce, shi kuwa ga abin da ya ce. Na ci gaba da cin gurasata.

Ba wanda ya doki Tilakdhari, ba wanda ya ƙona masa gida. An dai bar ganinsa. Da saran rake ya zo, amalankensa ya tsaya a bakin gona yini guda, ana loda wa na gaba da shi ana loda wa na baya. Mai kanti yakan auna masa gishiri ba tare da ya buɗe baki ba. Masu zama a gindin bishiyar tsakiyar gari, idan ya gaishe su, sai su amsa wa juna. Yara suna binsa suna cewa ga gawa ga gawa, iyayensu kuma, waɗanda ya yi wa iyayensu karatu, sai su kau da kai suna murmushi. Ya sayar da sa ɗaya, ya gwada aiki da ɗayan, ya sayar da shi ma. Ranar da aka tafi da na biyun na gan shi a bakin hanya. Ya bi san da zagi har ya ɓace, sannan ya tsaya yana duba tafin hannunsa.

Yana da ɗa ɗaya, Lallan, wanda ya yi makaranta fiye da shi. Ya ce masa, tunda an kashe uban, ɗan ya hau ya ƙarasa, haka aka yi a littafin. Maƙwabta sun ji amsar ta kan danga. Lallan ya ce, "A littafin uban mutuwa ya yi ya bar mutane suka huta. Kai ga ka nan kana cin abinci." Bai ƙara wata ɗaya ba ya tafi birnin Surat, aiki a masaƙar yadi.

An ba Baba shawara ya koma wani yanki inda ba a san shi ba, ya riƙa karatu a can. Ya ce ba a buɗe sabon zama alhali wani yana buɗe. Sai ya shiga aikin ɗaukar bulo a ka a matoya ta ƙetaren kogi, shi da ya saba ɗora wa shanu. Nakan hango shi da yamma yana saukowa daga kwalekwale, ja wur da ƙura tun daga gira har ƙafa. Bai taɓa dubana ba, ni ma mayafina nake ja. Haka muka yi fiye da shekara goma. Surukata ta rasu a ciki. Thakur ya aurar da 'yarsa, ya yi jikoki, ya gyara wa haikali rufi.

Wata safiya ina manna kashin shanu a bango don makamashi, sai ga Sonapati, matar Baba. Doguwa ce busasshiya, bakinta ya fi lauje. Ta tsaya a kaina ba gaisuwa, ta kira ni Bahu, yadda manya ke kiran matar da aka auro.

"Bahu, ke kurma ce ko sakarya?"

Na ce, "Chachi," wato inna, "me na yi?"

"Ba ki yi komai ba, ai shi ne. Mutumin can ya zauna yini ɗaya, ni na shekara goma a tsaye. Yanzu ƙirjinsa ya cika da ƙurar bulo, likita ya ce a mai da shi gida a ba shi abin da yake marmari. Ya ƙi mutuwa. Ita ma taurin kai yake yi mata. Ki zo ki tambaye shi sauran labarin nan, ya amayar, ni ma in ga yadda barci yake."

"Chachi, tambaya ai ta mai gidanmu ce."

"Jagdev? Wanda inuwarsa ma sai ta nemi izinin Thakur kafin ta bi shi? Wa ya ce miki tasa ce shi kaɗai? Duk wanda ya ji tun daga ranar farko bai tsallake ba yana iya tambaya. Ni ina gidan ubana ina jinya aka fara, da tuni na tambaye shi na huta. Na ma gwada. Ya ce in daina wasa da abin tsarki. Ni, da nake wanke masa zanen da yake hawa karagar da shi."

"Amma ni a waje nake. Ba a lissafa ni ba."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Rana ce ta shiga idonsa ranar hadari, ko? Ke ma kin yarda, kamar sauran awakin garin nan?"

Hannuwana duk kashin shanu, ban san inda zan sa su ba. Na ce, "To me ya hana shi ya aiko mini, duk shekarun nan?"

"Uban Lallan? Cewa ya yi wanda ya roƙi a tambaye shi maroƙi ne, ba mai karatu ba. Ni ma ba shi ya aiko ni ba, kuma sai jiya da zazzaɓi ya sa shi sambatu na ji ya ambaci ta bayan katanga. In kika ce masa na zo, sai na karya miki ƙafa."

Ta juya ta tafi. Shekara goma mijina yana jira, mutumin nan yana jira, kuma abin da ake nema yana cikin bakina, babu wanda ya ga na isa a gaya mini. Har yau idan na tuna, ba Thakur nake fara jin haushi ba. Baba nake fara ji, da dokarsa.

Washegari na yi wanka, na ɗauki 'yar shinkafa da fure a gefen zane, na fita ta babbar ƙofa Jagdev yana kallo. Gidan Baba yana ƙarshen gari. Gadon tsohon amalanken yana nan a gindin darbejiya, ba ƙafafu, Sonapati ta ɗora shi a kan bulo ta shimfiɗa masa tsabtataccen zane. Ta shiga ta ce masa ya fito ya sha iska. Ya fito yana dafa ta. Wuyan nan mai kauri ya koma kamar na kaza. Da ya gan ni, ya ga shimfiɗar, sai ya tsaya. Ya ce wa matarsa, "Ɗauko mini ruwa in wanke ƙafa. Da littafin."

Ya hau da ƙyar. Na zuba shinkafar da furen a gabansa, na haɗa tafuka. Na ce, "Baba, ka tsaya a inda matan makiyaya suke bakin hanya suna kallon ƙurar keken da ya tafi da Ubangiji. Sai me ya faru?"

Ya dube ni, karo na farko a rayuwata. Ya ce, "Kin makara, Bahu."

"Ji shi," in ji Sonapati daga bakin murhu. "Kamar wani wuri za shi."

Ya kwance jan ƙyallen. Ya ce, "Na ji daga Pandit Ambika," ya jero su kamar jiya ya bari.

Muryar ba ita ce wadda ta ratsa katanga ba. Yakan yi magana kaɗan tari ya sarƙe shi, ya tofar a kasko, ya yi shiru. Da fari na zaci hutawa yake, sai na gane jirana yake yi. Duk tsayawa sai na ce, "Sai me ya faru, Baba?" sannan ya ɗora. Maƙwabta suka riƙa leƙe ta kan danga. Na ga kawunan mutanen da suka zauna a farfajiyar nan tun ranar farko, na ga leɓunan wasu suna bin karatun. Ko ɗaya bai shigo ba.

Da na koma gida da yamma na tarar da akwatina da tukunyata a rumfar shanu. Jagdev ya ce wa ɓaunar, "A gaya wa mai zuwa gidan gawa ta riƙa girkinta daban." A rumfar nake har yau. Da safe na koma.

Rana ta bakwai ta fi tsawo, don numfashinsa ya ƙara gajarta. Ya kai ƙarshe rana tana gab da faɗuwa. Babu ƙararrawa, babu taro. Sonapati ta busa ƙahon kodi, ya fita kamar kukan maraƙi, ta ce laifin ƙahon ne. Hadayar garin gasasshen wake ce da mazarƙwaila, mu uku muka raba. Kafin ya naɗe littafin, Baba ya ɗaga hannu ya ce ladan wannan zama, daga ranar farko har ta yau, na wane ne ɗan wane, ya kama sunan mijina da ƙarfi. Tun da aka ƙone gawarsa ban ji wani ya faɗi sunan ba. Daga wannan shekara rake ya koma rake kawai.

Baba ya rasu kafin saran rake. Da ƙyar aka sami mutum huɗu masu ɗaukar makara, biyu ma daga matoyar bulo suka zo. Ana cikin neman itacen ƙona gawar sai ga tarakta daga gidan Thakur da lodi guda, busasshe, mai kyau. Sonapati ta tsaya tana kallonsa, sannan ta ce a sauke, gawa ba ta jira. An yi mako ana yabon Thakur a gindin bishiya, wai manya ba sa riƙo. Lallan ya iso bayan toka ta huce, ya tafi da uwarsa da littafin.

Yanzu duk shekara ɗan Thakur yakan kawo mai karatu daga birni, da lasifika da masu kiɗa. Yana da murya, ba zan ɓoye ba. Ba ya jiran tambaya, lokaci na yi yake farawa. Bara wani babban mutum ya shigo ana tsakiyar labari, mai karatun ya diro daga karaga da furanni a hannu ya rataya masa, jama'a suka tafa. Yanzu ba a hana ni shiga, tsohuwa ba ta da sauran mugun ƙashi. Nakan tsaya a ƙofa in gaida Ubangiji in koma.

Wannan da na rubuta ba labarin ba ne, labarin mai labarin ne, kuma shi da idona na gani. Wancan yana nan a cikina, kwana bakwai cur, har yau ba wanda ya ce in buɗe. A ranar ƙarshen, bayan ya sauko daga gadon amalanken yana zaune a ƙasa kamar kowa, na sunkuya zan taɓa ƙafarsa sai ya janye ta. Ya ce, "Bahu, yanzu a duk garin nan ke kaɗai kika ji shi har ƙarshe. Idan wata rana wani ya tambaye ki, ko yaro ne, ko mai shara, kada ki ce ke gwauruwa ce, kada ki ce ba ki yi makaranta ba. Ki sami wuri mai ɗan tudu ki zauna, ki faɗi bakin da kika ji, ki ba shi. In kuwa ba wanda ya tambaya, ki riƙe bakinki. Kada ki kai musu shi talla."